A bar 'yan aji ɗaya su koyi karatu da wasa

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da hedimastoci da jami'an SUBEB (hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha) masu zagayen duba makarantu, kan yadda muke koya wa 'yan aji ɗaya da aji biyu karatu.

Duk wanda ya taɓa giftawa ta bayan aji da safe ya san sautin. Malam yana nuna allo da sanda, yara suna amsawa da ƙarfi: gida, ruwa, tasa, doki. Mai wucewa sai ya ce karatu ya zauna. Amma a share allon, a rubuta "doki" shi kaɗai, a kira yaro daga layin baya. Sau da yawa "gida" zai ce, domin da ita waƙar ta fara. 'Yan gaba kaɗan ne ke karantawa, sauran amshi suke yi, kuma a ajin da ya cika maƙil malami zai iya cinye zango guda bai gane ba.

Wasa shi ke tona wannan asiri, domin a wasa kowa sai layi ya zo kansa. Ga 'yar gala-gala da 'yan matanmu suka iya tun daga gida. A zana ta a tsakar makaranta, a rubuta kalma a kowane ɗaki da gawayi ko da tsinke a kan yashi, sharaɗin kawai shi ne ba a tsallakawa sai an karanta kalmar da dutse ya faɗa wa. Ga murafan kwalba da ake zubarwa a bakin shago. A rubuta gaɓoɓi a cikinsu, ka, za, fa, ra, ta, a zube wa yara biyar-biyar a ƙasa. Kafin a ankara sun haɗa kaza, fara, tara, fata, suna musu a kan wacce ce kalma wacce ce shirme, kuma musun nan shi ne karatun. Hausa ta yi mana gata a nan, don kusan yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, yaron da ya kama gaɓoɓi zai karanta kalmar da bai taɓa gani ba.

Sai ƙananan kalmomin da ba a yin layi ɗaya babu su: da, na, ya, ta, ne, ce. Ni tsohuwar jarida nake yagawa in raba, in ce kowane rukuni ya farauto mini "da" ya zagaye ta da fensir (a gafarce ni Edita, har taku tana shiga ciki). Ga masu rikita b da ɓ, ko k da ƙ, sai a manna "bata" a wannan bango, "ɓata" a wancan, malama ta faɗi ɗaya, yara su ruga inda take. Ingilishi kuwa ya fi bukatar irin wannan maimaici, tunda kalmomi kamar the da one ba sa bin ƙa'idar haɗa sauti, sai ido ya saba da su.

Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa. Shirin Mu Karanta da USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka, ta ɗauki nauyi a Bauchi da Sakkwato, da RANA na UNICEF a Katsina da Zamfara, duk sun horar da malamai koyar da karatu da Hausa ta hanyar sauti, waƙa da labari. Matsalar ita ce da kuɗin shiri ya ƙare sai a koma gidan jiya, ga shi USAID ɗin ma an rufe ta a 2025. Murfin kwalba dai ba ya jiran tallafin kowa.

Abin da ke kashe wa malamai gwiwa shi ne mai duba makaranta ya tarar da yara a tsakar gida suna tsalle, ya rubuta cewa malama ba ta iya riƙe aji ba, ya duba littafin tsara darasi ya sa hannu ya tafi. Na yarda akwai wasan banza. In kullum yara uku masu kaifin kai ne ke cinyewa, sauran suna tafi, to an ɓata lokaci. Maganinsa a haɗa masu rauni da 'yan'uwansu masu rauni a rukuni ɗaya, a ba su kalmomi daidai ƙarfinsu.

Don haka roƙona ga masu zagaye: ku riƙa zuwa da katuna goma masu ɗauke da kalmomi a aljihu. Ku zaɓi yara biyar daga layin baya, ku ba su ɗaya bayan ɗaya su karanta, a ajin da ake wasa da ajin da ake amshi, sannan ku rubuta rahotonku.

Wassalam,
Wata malamar aji ɗaya,
Azare, Jihar Bauchi