Sanarwa kan daftarin littafin hutu na yara

Assalamu alaikum malamai, ƴan kwamitin rubutu. Mun duba daftarin farko, da sauran gyara.

Jimlolin sun yi wa ƴan aji 2 da 3 tsawo, kada jimla ta wuce kalma 10. Shafukan su zama 24 ko 32, domin kowace takarda in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa. In muka kai 26, biyu za su fito babu komai. A aika wa mai bugawa da PDF, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ kan rikiɗe su koma ƴan akwatuna.

Sakkwatanci kuwa, irin su "tahi" da "shina", a bar shi a bakin mutanen cikin labari. Bayani ya bi daidaitacciyar Hausa, tunda ita yara ke gani a littattafan makaranta.

A turo gyara kafin Juma'a.