A horar da matasa kan binciken cututtukan ƙwari

Malam Edita,

Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin jami'o'inmu da hukumomin aikin gona kan wani fannin ilimi da ba kasafai ɗalibanmu ke waiwaya ba, wato binciken cututtukan da ke kama su ƙwarin kansu.

Bayan annobar fara ta 1986 zuwa 1989, wadda aka kwarara wa maganin feshi mai guba har aka shiga fargabar illarsa ga dabbobi da ruwan sha, an kafa shirin LUBILOSA domin yaƙar fara da cututtukan da ke kama ta, da haɗin gwiwar cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Kwatano da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai. Masana suka shiga daji suna tsintar farar da ta mutu da kanta domin gano abin da ya kashe ta. Fumfunar da ta yi fice, mai suna Metarhizium, a jikin wata fara da aka samu a Nijar aka ciro ta, kuma da ita aka haɗa maganin Green Muscle. Ana gauraya ƙwayoyinta da mai don kada zafin Sahel ya busar da su. Idan suka manne wa fara sai su huda jikinta, ta rage ci, ta riƙa shanya kanta a rana, sannan ta mutu cikin mako ɗaya zuwa uku jikinta ya yi ja, alhali shanu da tsuntsaye ba abin da ke samun su. A 2020 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi amfani da irin wannan magani a Somaliya.

Aiki ne na mai haƙuri. Mai binciken yakan kiwata fara a keji, ya lissafa matattu kowace safiya, ya koma kan madubin ƙara girma, kuma sai da shirin ya kai 2002 kafin a kammala shi. Ko waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya ta fitar a 2019 domin jure wa tsutsar wake, ƙarfinsa ya samo asali ne daga wata ƙwayar cuta da aka fara ganowa a jikin tsutsar siliki a Japan a 1901.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, maganin farar daga ƙasarmu Nijar ya fito, amma ɗalibin da ya so bin wannan hanya da wuya ya sami ɗakin gwaji ko tallafin da zai riƙe shi shekaru. Ina roƙon tsangayoyin aikin gona na Najeriya da Nijar su ware guraben digiri na biyu da na uku a wannan fanni, gwamnatoci kuma su ɗauki nauyin ɗaliban har su kammala bincikensu.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Maraɗi