Godiya ga ma'aikatan sashen ciwon ƙirji na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin iyalanmu domin mu gode muku a bainar jama'a bisa yadda kuka kula da mahaifiyarmu.

Inna ta daɗe tana fama da tari da haki, musamman in hunturu ya shigo da hazonsa. Wannan ya ce asma ce, wancan ya ce sanyi ne, mu kuma muna ta jidar maganin tari daga kemis. Sai a wurinku aka ce ba za a yi aiki da tsammani ba, a auna huhun tukuna. Aka duba kakinta, ba tarin fuka ba ne, sannan aka kai ta ɗakin na'urar sifirometa, mai auna ƙarfin numfashi.

Nas ɗin da ta yi gwajin, Allah ya yi mata albarka. Ta zaunar da Inna, ta matse mata hanci da ɗan maƙali, ta ba ta bututu ta kama da leɓe. "Mama, ja numfashi ki cika ƙirji. To hura! Ci gaba, kada ki tsaya!" Tari ya sarƙe tsohuwa, aka bar ta ta huta, aka sake, har aka samu hurawa 3 masu kyau. Ba tsawa, ba gaggawa. Daga nan aka shaƙa mata salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, fesa 4, aka jira minti 15, aka maimaita.

Likita ya yi mana bayani da Hausa. Na'urar tana auna iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko, ta kwatanta ta da duk wadda ya iya fitarwa. Idan bayan an shaƙi maganin buɗe hanyoyin iska ta farkon ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk iskar ba, to toshewar hanyoyin iska a huhu ta zauna, ita ce cutar da ake kira COPD. Mai asma galibi sakamakonsa kan ɗaga sosai bayan maganin, na Inna kuwa ɗan motsi kawai ya yi. Ba ta taɓa shan taba ba. Hayaƙin itace ne, na shekarun da ta yi a bakin murhu tana suyar ƙosai.

Bai ɓoye mana komai ba: huhun da ya lalace ba ya komawa yadda yake, amma magani na rage haki. Ya rubuta mata maganin shaƙa mai suna tiyotirofiyam sau ɗaya a rana, ya sa ta gwada shaƙar inhela a gabansa har ta iya, domin da yawa a baki maganin ke tsaya musu. Yanzu tana zuwa barka da ta'aziyya a unguwa da ƙafarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, kuma iyayenmu mata masu girki da itace suna cikin haɗarinta. Don haka muna roƙon gwamnati ta kai irin wannan na'ura manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ta turo ma'aikatansu su koya a hannunku.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku, ya ba sauran majinyata lafiya, amin.

Naku,
Ɗan majinyaciya, daga Kano