A Daina Musayar Makin Gwaji Da Tsintsiya

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in koka kan yadda ake auna ƙoƙarin yaranmu a firamare. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin gwaji a kai a kai, don kada jarabawar ƙarshen zango kaɗai ta yanke wa yaro hukunci.

To, 'yata 'yar aji huɗu ta kawo sakamako mai kyau, amma da na miƙa mata littafin Hausa, layi ɗaya ya gagare ta. Ashe wanda ya kai tsintsiya ko alli ake cika wa maki. Malaminsu ma abin tausayi ne, yara sun haura ɗari a ajinsa, yaushe zai duba littattafansu?

Ina roƙon masu duba makarantu su riƙa shiga aji, su sa yaro ya yi karatu a gabansu.

Naka,
Wani uba daga Kano