Arcos da Lapa: a ambaci waɗanda suka ɗauki duwatsun

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na ga hoton farin ginin nan na Arcos da Lapa da ke birnin Rio de Janeiro a Brazil, wanda kuka buga a shafin yawon duniya, kuka ce gadar jirgin ƙasa ce. Gaskiya ne taragon unguwar Santa Teresa na bi ta kansa tun 1896, amma ba don jirgi aka gina shi ba. Hanyar ruwa ce, ni kuwa a aikin ruwa na yi furfura, shi ya sa na kasa yin shiru.

Turawan Fotugal ne suka sa aka gina shi don a kawo ruwan kogin Carioca cikin gari, saboda rijiyoyin tsakiyar birnin ba su da ruwa mai kyau. Ruwan ya fara isa gari a 1723, sannan gwamna Gomes Freire de Andrade ya sa aka sake ginin da dutse, aka kammala a 1750. Tsawonsa mita 270, bakuna 42 a hawa biyu. Babu inji, babu famfo. Gangare kaɗai ke tura ruwan daga tudun Santa Teresa zuwa na Santo Antonio. Duk wanda ya taɓa auna gangaren bututu ya san kuskuren ɗan yatsa ya isa ruwa ya tsaya cak ko ya ɓalle. Wallahi magina sun yi aiki.

To su wa suka yi dakon duwatsun? Bayi ne, 'yan asalin ƙasar da 'yan Afirka. Da ruwan ya iso dandalin Carioca ma, bayi ne ke layi su cika ganguna su ɗora a ka zuwa gidajen iyayen gijinsu, kamar 'yan ga-ruwa, sai dai su kuɗin ba nasu ba ne. Yau masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a gindin bakunan, sunan gwamna ne kawai ke yawo.

Roƙona shi ne ku kawo mana labarin mashigar Valongo, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke wannan birni, inda aka sauke bayi 'yan Afirka kusan 900,000. An tono ta a 2011, UNESCO ta saka ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2017.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ruwa, Zariya