Wasiƙa daga Daura: na sayi motar sojan nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, ya kuma zaman Legas da ruwanta? Nan Daura lafiya lau muke, an gama girbin gero, wake ne ya rage a gona. Inna ta ce in gaishe ka, ta kuma tambayi ko yaron nan naka ya fara tafiya.

Maganar da muka daɗe muna yi ta tabbata, na sayi babbar mota. Ba irin wadda ka ba ni shawara ba ce, tsohuwar motar sojan Jamus ce, Mercedes 1017, cikin waɗanda sojojinsu suka yi gwanjonsu aka shigo da su. A Katsina na gan ta, a filin wani dillali. Injinta silinda 6 ne, mai shan gas, an ƙera ta don ɗaukar tan 5, wato buhu 50 ke nan na hatsi, kuma ƙafafunta na gaba da na baya duk suna ja. Wannan na ƙarshe shi ya ja hankalina. Ka san rairayin ƙauyukan Baure da Zango, ka san sau nawa muka kwana muna tonon taya da hannu lokacin da muke yaran mota. Da aka tayar da ita na ji ƙarar injin, ba hayaƙi, ba kakkarwa, sai zuciyata ta kwanta. A ranar na ba da kafin alƙalami.

Na ga tsatsa tun a filin, ban ɓoye maka ba. Akwai a gindin ƙofofi, da matakala, da ƙasan inda direba yake aza ƙafa, har kana hango ƙasa ta wata 'yar kafa. Da ita ma na yi ciniki aka rage mini. Ƙarƙashin motar kuwa baƙi ƙirin yake da sabon fenti, na leƙa na ga tsaf. Sai da muka iso gida bakanikenmu, wanda ka sani, ya shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma yana bin shasi yana ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe yake da rai sai ya yi ƙara, tan, tan. Da ya kai wajen da sifirin na baya ya kama shasi, ɓangaren hagu, sai sautin ya mutu, ɓawon tsatsa ya riƙa zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Ƙarfen da ya gitta tsakanin dogayen ƙarafan nan biyu ma ya ci sosai. Da ya kwance tankin iskar birki, jan ruwa ne ya fito. Wallahi daren nan ban yi barci ba, domin kuɗin shanu biyu da na gonar fadama ne a cikinta.

Ya bayyana mini abin da ya jawo. A ƙasashen can, in sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe hanya, gishiri suke watsawa don ta narke. Ruwan gishirin nan shi yake fantsama ya maƙale a lungunan shasi tare da laka, ya yi ta ci shekara da shekaru. Motar soja kuma ta fi zama a ajiye fiye da tafiya, shi ya sa inji yake kamar sabo, jiki kuwa ya tsufa. Sai a ƙara da iskar teku da ta sha a jirgi da tashar ruwa.

Mutane biyu sun ce in sa a cike wurin, a shafe da fenti, in miƙa wa wani. Ba zan iya ba. Motar nan ranar Lahadi za ta tashi kasuwar Mai'aduwa da lodi, da yara biyu a saman buhuna. In sifirin ya ɓalle a guje, wa zan gaya wa? Abin da muka tsayar shi ne a sauke bodi gaba ɗaya, a kankare shasi har sai farin ƙarfe ya fito, a canja ƙarfen gicciyen, a ɗora faranti mai kauri a wurin da ya ci. Bakanike ya ce da noti za a ɗaure shi, don yawan walda a shasi yana kashe ƙarfin ƙarfe, daga baya ya tsage a gefen ɗinkin. Tankin iska da bututun birki sababbi zan sa. Ƙasan direba da ƙofofi aikin mai walda ne, ba su dame ni ba. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne iskarmu busasshiya ce, in an tsayar da tsatsar yanzu ba za ta yi gudu irin na can ba, sai dai in kiyaye da lodin takin zamani, shi ma yana cin ƙarfe, a riƙa wankewa bayan an sauke.

Launinta ma dole ya canja. Doka ta hana farar hula hawa mota mai launin soja, kuma da halin tsaron da jiharmu take ciki, ba na son mutanen ƙauye su hango ta su firgita, ko a tsare ni a kowane shinge. Shuɗi zan yi mata. Takardun kwastan dai cikakku ne, na kai an duba kafin in cika kuɗi.

Ga alfarmar da nake nema. In ka samu sarari ranar Asabar, ka leƙa mini kasuwar Ladipo ka tambayi ƙarfen gicciye na baya da mariƙin sifirin na 1017, da tankin iska. Na nema a Katsina ban samu ba, Kano kuma an ce in jira. Zan turo maka hotuna da awo ta WhatsApp yau da daddare. Ka tafi da guduma ka buga da hannunka kafin ka biya, kada ka karɓi wanda aka yi wa sabon fenti. In ka ji farashi ka kira ni, sai a ba direbobin da suka kai shanu su taho da su.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na Daura