Kafin Ka Sayi Hedifon Mai Tsada a Jidda

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da yake cin kuɗin 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da kuma alhazai masu neman tsaraba, wato hedifon mai tsada, irin wanda ake kifawa a ka ya rufe kunnuwa biyu, wanda masu shaguna a nan suke kira samma'a. Sana'ata naɗar sauti ce da gyara shi, yawanci karatun Alƙur'ani da darussan malamai, don haka wannan abu ba ya rabuwa da kaina, kuma mutane sukan tambaye ni wanne ya kamata su saya. Mai tambaya yakan fara ne da sunan kamfani da farashi, alhali abin da zai sa ya ji daɗin kayan ko ya jefa su a akwati tun ba su tsufa ba shi ne soson da ke taɓa fatarsa, da nauyin da wuyansa zai ɗauka, da kuma irin abin da ya saba saurare.

Kamfanonin da suka yi fice a wannan harka tsofaffin hannu ne, kuma ba ni da ja a kan ƙwarewarsu. Beyerdynamic na Jamus, wanda aka kafa a 1924, ya fitar da DT 48 tun 1937. Sennheiser, shi ma na Jamus, shi ya kawo hedifon mai buɗaɗɗen baya na farko, wato wanda iska da sauti suke ratsa bayansa, HD 414, a 1968, kuma HD 600 da ya fitar a 1997 har yau ana ƙera shi ana sayarwa. Stax na Japan ya fara nasa salon, mai aiki da wutar lantarki maimakon maganaɗisu, tun 1960. Amma duk waɗannan an tsara su ne ga mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi a ƙasa mai sanyi. Wanda ya yi watan Agusta ko Satumba a Jidda, lokacin da damshin Bahar Maliya yake sa riga ta manne a jiki tun kafin mutum ya kai bakin titi, ya san cewa hukuncin da aka yanke wa kaya a Turai sai an sake duba shi a nan.

Soson kunne iri uku ne aka fi gani. Na farko shi ne fatar roba, wadda ake yi da siririn shafe na roba a kan yadi. A shago ita ce ta fi ɗaukar ido, ga laushi ga sheƙi, kuma tana toshe ƙarar waje sosai. Sai dai zafi da gumi da damshi su ne ajalinta. Da farko za ka ga ta fara tsattsagewa a inda take lanƙwasa, daga nan sai ta riƙa ɓarewa, mutum ya cire hedifon ya tarar da baƙin ɓarɓashi a bayan kunnensa da gemunsa da wuyan farar jallabiyarsa, ya tafi masallaci da shi bai sani ba. Wannan ba alamar jabu ba ce, domin yana faruwa har ga kaya na asali masu tsada, kuma ajiye su a mota da rana yana gaggauta shi ƙwarai. Na biyu shi ne ƙyalle mai kama da karammiski, irin wanda ke kan HD 600 da DT 990. Shi ba ya ɓarewa, yana barin kunne ya sha iska, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da yanayinmu, duk da cewa yana tsotse gumi da man gashi da turare har ya canza launi, kuma da daɗewa yakan kwanta ya zama fallau. Na uku fata ce ta gaske, galibi ta ɗan rago, kamar wadda kamfanin Focal na Faransa ya sa wa Utopia a 2016, ya kuma huhhuda ta don iska ta ratsa. Ita tana jurewa idan ana goge ta bayan amfani, amma tana da zafi, kuma canjinta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abin yakan ba ni mamaki idan na tuna cewa fatar jar akuyar Sakkwato ta ɗauki ƙarnuka tana ratsa Sahara zuwa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, amma yau jikokin majema da dukawa su ne suke biyan ɗaruruwan riyal a kan zoben fata biyu da ba su kai tafin hannu ba.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan soso shi ne ba jin daɗin fata kaɗai yake shafa ba, har da sautin kansa. A cikin kowane ɓangare na mafi yawan hedifon akwai wani siririn tantani da maganaɗisu yake kaɗawa, kamar yadda makaɗi yake kaɗa fatar kalangu, kuma iskar da soso ya tare tsakanin wannan tantani da kunne ita ce take ɗauko sautin ta kai shi ciki. Idan soson ya kwanta, tantanin ya matso kusa da kunne, sautin ya canza ke nan. Idan kuma iska ta sami kafar fita, musamman a hedifon mai rufaffen baya, kaurin sauti ne yake fara gudu. Ƙafar tabarau kaɗai ta isa ta buɗe wannan kafa, haka ma gefen hula idan ya sauko, haka ma mayafi ko hirami idan aka ɗora hedifon a kansa. Masu gwada waɗannan kaya a ƙasashen waje ba kasafai suke sanye da kube ko hijabi ba, saboda haka abin da suka ji ba lallai ne shi Alhaji ko Hajiya za su ji ba. Don wannan ne ma nake hana mutane sa wa hedifon mai tsada soso na arha da ba na kamfaninsa ba: girman zai iya dacewa, amma sautin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Sai batun nauyi. HD 600 bai wuce giram 260 ba, Utopia yana kusa da rabin kilo, wasu kuma daga cikin na kamfanin Audeze na Amurka, waɗanda suke jera maganaɗisu a gefen wani shimfiɗaɗɗen tantani, sun haura giram 600. A cikin shago, a minti biyar, ba wanda zai ji bambancin. Mai bitar hadda da zai zauna daga bayan Isha'i har dare ya raba shi ne zai ji shi a ƙeyarsa da tsakar kansa. Katako da ƙarfe da ake ƙawata wasu da su suna da kyan gani, amma wuya ne yake biya. Roba mai kyau ba abin rainawa ba ce, domin ita ce sirrin rashin nauyin waɗanda ake iya wuni da su.

Zaɓi tsakanin buɗaɗɗen baya da rufaffe kuwa ya danganta ne ga ɗakin mutum. Buɗaɗɗe ya fi sanyi a kunne, sautinsa ya fi faɗi, kuma mai shi yana jin kiran salla da sallamar baƙo. Amma yana fitar da abin da ake saurare waje, yana kuma shigo da na waje ciki. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ma'aikata suna kwana ne su huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na taga yana gurnani dare da rana, kuma a irin wannan ɗaki hedifon buɗaɗɗe na riyal dubu biyar ba zai ba ka abin da rufaffe na riyal ɗari shida zai ba ka ba, ban da damun abokan kwana. Mai yawan shiga jirgin ƙasan Haramaini tsakanin Makka da Madina, ko jirgin sama zuwa Kano, shi kuma mai kashe ƙarar waje ne ya dace da shi, ko da masu tsananin son sauti suna raina shi.

Yanzu ga sautin kansa, wanda a nan ne nake ganin an fi yaudarar kunnenmu. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma kamfanoni suna son rubuta lambobin da suka zarce haka a jikin kwali, abin da ba ya gaya wa mai saye komai. Mai shago kuma yakan kunna wa mutum kiɗa mai dukan ƙirji, domin kauri shi ne yake saurin burgewa. To amma mafi yawan abin da Bahaushe yake saurare murya ce: tilawa, tafsiri, wa'azi, labaran rediyo, waƙar baka, har da fassarar huɗubar Arfa da ake watsawa da Hausa. Murya kuwa a tsakiya take zaune, kuma abin da ke rarrabe baƙaƙe yana wajen kaɗawa dubu biyu zuwa dubu huɗu da abin da ya ɗara. Hedifon da aka cika wa kauri yana lulluɓe wannan wuri, sai ɗalibin tajwidi ya kasa tantance sinun da sadun, gunna ta dushe, ƙalƙala ta ɓace. Wanda kuma aka cika wa kaifi yana sa kowace sinun ta soki kunne, mutum ya gaji tun kafin a kai ƙarshen hizifi. Abin nema shi ne wanda bai ƙara ba bai rage ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa masu naɗar murya suka riƙe HD 600 da Sony MDR-7506 na 1991 shekara da shekaru, duk da cewa ba su ne suka fi tsada ba.

Akwai kuma gaskiyar da mai sayarwa ba zai faɗa ba, wato hedifon mai kyau ba ya gyara sauti maras kyau, tona masa asiri yake yi. Karatun da Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari ya naɗa a Masar a 1961, da tafsiran malamanmu da aka kwafo daga kaset, da saƙon murya da ya bi ta WhatsApp hannu goma ana matse shi, duk za ka ji shuu da tsatsarsu ƙarara. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin manyan suna da wuyar turawa. HD 600 da HD 800 duk om 300 ne, wato ma'aunin yadda suke turje wa wutar lantarki, waya ba ta iya ba su ƙarfin da suke bukata sai an haɗa da amfilifaya, ga shi wayoyi da dama sun daina zuwa da kafar hedifon tun da Apple ya cire ta a 2016. Na Stax ma ba sa aiki sam sai da nasu akwatin da yake ɗora wa tantanin wuta mai ƙarfin bolt 580, kuma ƙura da damshi suna cutar da su, saboda haka ban ga yadda za su yi da hunturun Kano ko damshin Jidda ba sai a hannun mai tsananin kula. Duk wannan ƙarin kuɗi ne a kan farashin da ya riga ya yi nauyi. Utopia ya fito ne a kan kusan dala dubu huɗu, wato riyal dubu goma sha biyar a canjin 3.75, kafin a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa a nan tun 2020. HE 1 na Sennheiser, mai gindin marmara, kuɗinsa ya kai na mota sabuwa, kuma wannan na masu abin hannu ne, ba da su nake ba.

Ina kuma jan hankalin iyaye da malaman tahfiz a kan ƙara. Sauti mai tsabta ba ya sa mutum ya ji cewa ya yi yawa, sai ya riƙa ƙarawa bai ankara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren ƙara mai ƙarfin desibel 80, wato ma'aunin ƙara, na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma da zarar ƙarar ta hau, lokacin yana raguwa da sauri ƙwarai. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Ga wanda ya ƙudurta saye, ya tafi shago da karatun da ya fi sani a wayarsa, muryar da zai gane ko cikin barci, ya sa hularsa da tabaransa yadda ya saba, ya zauna da hedifon a kansa har sai kunnensa ya ɗumama, kada kunyar mai shago ta tashe shi. Ya tambaya ko ana cire soson da igiyar hedifon a canza su, ko kuwa manne suke, kuma ya nemi takardar garanti, domin jabun manyan sunaye sun cika kasuwa har kwalinsu ba ya bambanta da na asali. Alhajin da zai koma gida kuwa ya haɗa da soso na asali ko da guda biyu ne a ajiye, tun da samunsu a can yana da wuya, ya kuma naɗe su a wuri busasshe nesa da rana.

Na gode da wannan fili da ka ba ni, Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka. Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Jidda, Saudiyya